Yaron Akwai Ladabi

Idan aka tashi binciken aure aka tura kawu unguwar su yaro ya jiyo ta bakin mutane, da wuya ya dawo ba da shaidar nan ba: "Ai yaron akwai ladabi." Dattawan majalisa sun faɗa, mai shayi ya faɗa, ladan ya ƙara da cewa ko a tsakiyar titi suka haɗu sai yaron ya kai ƙasa. Shi ke nan, sai a sa rana. Ba mai tambayar wane irin ladabi ne, alhali nan ya kamata a fara. Ɓarawon akuya ma yana durƙusawa, shi ya ma fi kowa iyawa, tunda sana'arsa ta saba masa da sunkuyo.

Baturen nan Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma Jami'ar Oxford, ya fitar da wata 'yar maƙala a 1974 a kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki. Ya jero halaye 10, ya ajiye ladabi daban, kunya daban, mutunci daban, karamci daban. Ya yi ƙoƙari. Amma da ya samu shiga tsakar gida ranar suna, ya ji yadda mata suke auna duk wadda ta shigo tun daga sallamarta har zamanta, da ya ƙaro takarda. Akwai kara, akwai kawaici, alkunya, fulako, fara'a, sanin ya kamata. Can gefe kuma ga fadanci, daɗin baki, romon baka, iyayi, kinibibi, ladabin shegu. Daga nesa duk kamarsu ɗaya, kai a ƙasa, murya a ƙasa. Ni dai in ina son rarrabe su abu guda nake dubawa: bayan an watse, wa aka bari da asara? Wani ladabin mai yinsa ne yake biya. Wani kuwa kai da aka yi wa za a kawo wa lissafi.

A fara da mai doguwar gaisuwa, don shi ne yake fara zuwa, tun rana ba ta yi zafi ba. Ka fito zaure ka miƙa masa kujera, ya ce a'a, nan ƙasa ma ya isa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya sanyi, ya kasuwa, ya mai jiki. Mai jikin nan ta warke tun bara, har ta yi aure. Sai a yi shiru. Ya dubi rufin zaure, ya yaba aikin kafinta, ya nisa, ya ce, "To, sannu dai. An tashi lafiya?" An shiga zagaye na biyu ke nan. Wanda ya san kan abin yana iya ƙiyasta kuɗin daga yawan zagayen: in an tsaya a na biyu, kuɗin mota ne, in an shiga na huɗu har an tambayi lafiyar kakarka da ke ƙauye, kuɗin haya ne ko na makaranta. Zai ce maka dama wucewa ya zo yi ya ce bari ya leƙo a gaisa, ko da kuwa gidanka ne ƙarshen lungu, bayansa sai katanga. Kuma ba zai faɗi abin da ya kawo shi a zaune ba. Sai ka tashi yi masa rakiya, ƙafarsa ɗaya ta fita daga zaure, sannan ya dafa goshi ya ce, "Af! Ka ga har na manta."

Ba ka da ikon katse shi, don gaisuwa hakki ce, kuma kai ma kana da naka rabon a wasan. Kowace tambaya amsarta lafiya lau, ko da daren jiya iska ta yaye maka kwano. Mu ne fa mutanen da za a je duba mu a gadon asibiti, ga robar ƙarin ruwa a hannu, a ce ya jiki, mu ce da sauƙi. Likita ma sai ya tambaya sau uku kafin ya samu abin rubutawa.

Mai fulako shi kansa yake cuta, shi ya sa nake tausaya masa ko da ina dariya. Sunan daga wurin Fulani muka aro shi, daga pulaaku, wato tarbiyyarsu ta kunya da juriya da rashin nuna kwaɗayi, muka zo muka ɗora wa duk wanda kunyarsa ta wuce misali. Ga shi nan ya taso daga Gusau tun asuba, bai sa komai a cikinsa ba sai ruwan leda, ya iso Kano bayan la'asar. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu yana ta ƙamshi. Aka ce bismillah. Ya kawar da kai ya ce, "Alhamdulillahi, yanzun nan na ci a hanya." Cikinsa ya ƙaryata shi da ƙarfi, kowa ya ji, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Abin yana da ƙa'ida, kuma mai masauki na ƙwarai ya san ta. Zai yi tayi sau biyu, sau uku, sannan ya tuna da wani uzuri na ƙarya a cikin gida, ya tashi ya ja ƙofa. In ya dawo zai tarar an gutsuri tuwon daga gefe ɗaya, an gyara wurin da kyau, an bar tsoka guda a cikin miya don ta ba da shaida cewa baƙon ba mayunwaci ba ne. Ba wanda zai ce uffan. Masifa tana faɗa wa mai fulako ne ranar da ya sauka a gidan wanda yake ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Ya ce ya ƙoshi, sai ya ji an ce, "To madalla. Kai, zo ka mai da kwanon nan." Yana kallo tuwo ya juya ya koma cikin gida. Bayan isha'i sai ya ce zai ɗan taka ya sha iska, ya zarce teburin mai shayi ya ce a soya masa ƙwai huɗu da taliya biyu, a yi sauri. Yana kai loma ta farko sai ga ɗan mai gidan ya zo sayen suga, ya durƙusa ya ce, "Kawu, sannu da hutawa."

Gidan surukai kuwa nan fulako yake zama dole. Mutum da gemunsa, mai ba da umarni a wurin aiki, sai ka gan shi ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya rakuɓe a bakin tabarma, an ajiye masa fura ya kasa ko kallonta. In ya hango surukarsa a hanya ya sake lungu. Wannan ba na ce a daina ba. Ina dai ba da shawara a ci abinci kafin a tafi.

Kara ita ce babbar yaya a gidan, kuma ita ce ladabin da ya fi tsada, don mai ita ne yake biya har kobon ƙarshe. Mai kara ce za a kawo mata ƙarar ɗanta ya yi faɗa da ɗan maƙwabta, ba ta tambayi ba'asi ba ta hau nata da faɗa, ko da shi aka fasa wa baki. Ita ce ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai "kai", sai "yaron nan", a gaban mutane ta yi kamar ba ta san wanda ya haife shi ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin irin wannan kunya ta ɗan fari, kuma har yau ba ta mutu ba, ta dai yi sanyi a birni. Daga wannan gida ne muka samu tulin mutanen da ake kira Abba da Baba da Ummi: an mayar wa yaro sunan kakansa, uwar ba ta iya faɗar sunan surukinta, sai aka nemo wani aka liƙa masa, ga shi ya yi furfura da shi. Je ka wurin yankar kati a asibiti ka ga ikon Allah. Ma'aikaci ya ce, "Sunan miji?" Baiwar Allah ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi, ta taɓo wadda ta rako ta: "Ke faɗa masa." Layi ya tsaya cak, ana jiran a samo mai iya furta Musa.

Ƙanin kara shi ne kawaici, wato ka gani ka yi kamar ba ka gani ba. Mai kawaici zai ga takalminsa da ya ɓata a masallaci a ƙafar maƙwabcinsa, su gaisa, har ya ce masa ya gaida gida. In ya ba da bashi, shi ne yake sauya hanya idan ya hango wanda yake bi, wai don kada ya ji kunya. Shi kuwa wancan ba kunyar da yake ji. Ya karanci mutuminsa tsaf, ya san bakin nan ba zai taɓa buɗewa ba, har yakan tare shi ya yi masa ƙorafin kwana biyu ba ya nemansa. Irinsa ne suka sa aka ce kunyar mara kunya asara ce, kuma duk unguwar da ke da mai kara ɗaya za ka samu irinsa uku sun yi sansani a kusa.

Sai dai kada a ɗauka mai kawaici mantawa yake yi. Ajiya yake yi. Shekara da shekaru ana taka shi yana cewa ba komai, ranar da abin zai fashe kuma a kan abin da bai kai ya kawo ba zai fashe, a ce ludayin da aka ara ba a mayar ba. Ran nan za a ji tarihi tun daga ranar ɗaurin aure, da kwanan wata, da kalar zanen da aka ɗaura, da wanda yake tsaye a bakin ƙofa lokacin da aka faɗi maganar. Jama'a su riƙe baki su ce, "Ashe haka take?" Wadda ta yi shekara ashirin tana haƙuri ta zama mafaɗaciya a yini ɗaya, mai ludayi kuma ta zama abar tausayi.

Fadanci a fada sana'a ce mai tsari, ba na raina ta. Ka tuɓe takalmi, ka zube, ka yi jinjina, sarki bai ce komai ba, fadawa su amsa maka da cewa sarki ya gaishe ka. Kowa ya san matsayinsa, kowa ya san iyakarsa. Ɓarnar ta fara ne da fadanci ya fito daga fada ya shiga ofis da gidajen 'yan siyasa, inda ba Shamaki ba Ɗanrimi, kowa bafaden kansa. Bafaden ofis yana fara dariya tun oga bai kai ƙarshen labari ba, wani lokaci ma sai daga baya ya gane labarin rasuwa ne. In oga ya kawo shawara ya ce, "Wallahi yallaɓai ka riga ni a baki." In oga ya janye ta bayan minti biyar ya ce dama shi tun farko hankalinsa bai kwanta da ita ba. Na ga wanda oga ya kira a waya, yana cikin ɗakinsa a kwance, ya miƙe zumbur ya rusuna wa bango.

Shi ne kuma ma'ajin laƙabi. A bakinsa ba mai suna tsirara: Alhaji, Dakta, Injiniya, Ciyaman, Mai Girma. Wanda ya taɓa tsayawa takarar kansila ya sha ƙasa Honarabul ne har kabari. In Basakkwace ne ka ji "ranka shi daɗe" har cikin ƙashinka. A Maraɗi ko Damagaram kuwa ɗalibi yana iya kiran malaminsa mushe cikin girmamawa, don haka kalmar Faransanci ta zauna a bakin mutanen can, Bakano da ya ji sai ya waiga yana neman inda abin ya mutu. Wanda duk yake son sanin ko ya yi ritaya da gaske ba sai ya jira takarda ba, ya saurari bafadensa. Daga "Allah ya ja zamanin yallaɓai" za a sauko "ranka ya daɗe", daga nan "Malam", daga nan a ɗaga masa hannu daga kan babur. Ranar da suka yi kiciɓis a wurin ɗaurin aure zai ji an ce, "A'a! Kana nan dama?"

Mai ladabin shegu ba ya musu. Yaro ne da za ka yi wa faɗa ya durƙusa har gwiwarsa ta yi ƙura, kowace jimla ya ce "to Baba", "in Allah ya yarda Baba", "na gode Baba", ya tashi ya tafi kai tsaye ya aikata abin da aka hana shi, a kan lokaci. Mai tsiwa ya fi shi sauƙi, don shi aƙalla ka san inda kuka tsaya.

Amma gwanayen mayar da ladabi bulala su ne masu gatse, kuma makaminsu bai wuce "sannu" ba. Kalma ɗaya ce, ana yi wa mara lafiya ita, ana yi wa mai aiki, ana yi wa wanda ya yi tuntuɓe. A ja ta kaɗan, a karkata kai, sai ta zama mari: "Sannu, isasshe." Uwargida ta wuce da tulin wanke-wanke ta ce, "Sannu da hutawa, amarya." Amarya ta gyara kwanciya ta ce, "Yauwa Yaya, sannu da ƙoƙari." Ba zagi ko ɗaya, in aka kai gaban alƙali ba abin kamawa, amma maigida da ya ji daga ɗaki ya san yau a waje zai ci tuwon dare. Haka nan duk magidancin da matarsa ta saba ce masa "Abban wance", yau da safe ya ji "ranka ya daɗe, ga shayinka", to ya zauna ya yi lissafin abin da ya aikata jiya.

A nan kusa mai "Allah ya ba ka haƙuri" yake zaune. Ya goge maka mota, ko ya watsa maka ruwan kwata a farar shadda ranar Juma'a, kafin ka buɗe baki ya jefo ta da sauri, ba nadama a fuskarsa ko ta sisin kwabo. Daga wannan lokaci shari'a ta juya. In ka ƙara magana jama'a za su taru a kanka: "Haba Malam, ai ya ba ka haƙuri." Ka zo da gaskiyarka, ka koma gida kai ne mara mutunci, da kuɗin gyara a wuyanka.

Duk cikinmu ba mai son furta "a'a", shi ya sa muka tara mata riguna. Wadda ta fi kowace tsabta ita ce ta kasuwa: ka yi tayi bai yi ba, mai kaya ya ce "albarka". Ya ƙi, ya kuma yi maka fatan alheri, ba wanda ya ɓata lokacin wani. Da sauran ƙin ma haka suke da an huta. Amma akwai "bari mu gani", akwai "za ka ji ni", akwai "sai na yi shawara", akwai "ba damuwa" wadda ita ce damuwar da kanta. Uban yarinya ya ce wa manema ai ita karatu za ta yi tukuna, bayan wata biyu a kawo musu katin ɗaurin aurenta. Tela ana saura kwana goma salla ya karɓi yadinka da hannu biyu ya ce in sha Allahu jibi. Kalmar gaskiya ce, umarni ne a faɗe ta, shi ne dai ya mai da ita mafaka. Ranar jajibere ka tarar da shaddarka a ƙarƙashin keke yadda ka kawo ta, ko alli ba a sa mata ba, ya tashi tsaye ya ba ka kujerarsa, ya aika a sayo maka lemo.

Mai halin inuwar giginya ba sai an daɗe a kansa ba. A waje fara'a har kunne, yara na gaishe shi yana raba alawa. Yana sa ƙafa a zauren gidansa fuska ta haɗe, 'ya'yansa su watse. Shi ne fa wanda mai shayi da ladan suke ba da shaidarsa.

Zamani ma ya kawo nasa. Akwai ladabin na'ura, na ma'aikaciyar da za ka kira don kuɗinka sun maƙale, ta ce maka yallaɓai sau tara, ta gode maka da haƙurin da ba ka yi ba, ta tambaye ka ko akwai wani abin da za ta ƙara taimaka maka da shi, alhali na farkon ma ba a yi ba. Akwai kuma yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya haɗa ido da babba, ya je neman aiki a kamfani ya yi ta kallon ƙasa, masu tantancewa suka rubuta cewa ba shi da gaba gaɗi. Ƙaninsa kuwa gaisuwar da kakansu yake kwashe rabin sa'a yana yi ya matse ta ta koma "slm ykk" a waya.

Abin kallo shi ne ranar da masu ladabi biyu suka yi karo. A tsaya salla a wurin biki, malamai biyu su yi ta tura juna gaba, "bismillah Malam", "a'a, subhanallahi, ina ni ina shiga gabanku", har sai wani yaro da ba a yi masa tayi ba ya gyara hula ya wuce. Ko a sauka daga adaidaita sahu, keken da ya gaji sunansa daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano, shirin ya wuce, suna ya zauna a kan ƙafa uku. Abokai biyu kowa ya zura hannu a aljihu: "Wallahi ba za ka biya ba." "Haba, ai ni na tare shi." Duba da kyau. Ɗaya hannunsa ya fito da kuɗi. Ɗayan hannunsa ya shiga aljihu ya ɓace, yana ta rantsuwa da kafaɗa, yana laluben abin da ya san bai fito da shi daga gida ba. Direba ya gaji ya ce, "Don Allah ko waye a cikinku."

Wuri ɗaya na sani da ladabi yake zama laifi, wato tsakanin abokan wasa. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, taubasai, jika da kaka. Nan in ba a tsokane ka ba an yi fushi da kai ne. Tsohuwa ta saba jikanta ya shigo ba ko sallamar kirki, ya ce, "Ke tsohuwa, har yanzu kina nan kina cinye mana abinci?" Ta ce, "Ja'iri, miji ba cefane, zo ka wuce." Su yi ta yi har ta kwance bakin zane ta ba shi goro. Ran nan ya shigo a nutse, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, "Hajiya, barka da yamma, an wuni lafiya?" Ta ajiye carbi, ta ƙura masa ido, ta leƙa bayansa ko da 'yan sanda.

Ta ce, "Nawa ne?"